Jakar Mai Shari'a

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe masa jaka,
har na fi matarsa sanin tarinsa.
In ya yi sau ɗaya, lauya ya cika surutu.
In ya yi sau biyu, yau wani zai kwana a gidansa.

Babikir ɗan Ladan Tanimu,
haifaffen Mai Wurno, gaɓar Shuɗin Nilu,
inda kakanni suka sauke kaya a hanyar Makka
suka ce gobe ma tashi,
goben ta yi jikoki.
Ubansa masunci ne, shi ya koya masa awo:
kifi a wannan tafi, dutse a wancan,
kuma kada babban yatsa ya kusanci sikeli.

Jirgin ƙasa ya kai shi Hartum da riga biyu.
A jami'a wani ya ce,
"Kai Batakare, ina takardar kakanka?"
Ya ce, "Tana magudanan Jazira,
da fartanya ya sa hannu."

Singa. Kosti. Gadarif,
inda attajirin riɗi ya aiko da rago da daddare.
Ya sa na rubuta ragon a littafin shaidu,
lamba ta bakwai.
Kwana uku yana ɗaure a harabar kotu
yana cin takardun da muka yar,
mai shi kuwa ya kasa zuwa ya ce nawa ne.

A Nyala ya yi kuskure.
Adam Tirab, makiyayi, raƙuma huɗu,
shaidu biyu da suka rantse har da hawaye.
Ɗaurin shekara biyar.
A ta uku raƙuman suka ɓullo a wata kasuwa
a hannun ƙanen mai ƙara.
Adam ya fito babu haƙoran gaba,
bai zagi kowa ba,
kuɗin mota kawai ya roƙa.
Tun ranar fayil ɗinsa bai bar jakar ba.
Shafi tara ne,
amma ku tambayi kafaɗata.

Da aka kira shi Kotun Ƙoli
furfura ta riga shi isa.
Kujera mai tsawo, fanka mai gurnani,
shayin safe yana hucewa a kan ƙarar mutanen
da ba zai taɓa ganin fuskarsu ba.
Ya ce wannan ne ke tsorata shi:
takarda ba ta rawar murya.

Sai maganar gonar Hajja Sittana,
kadada biyu a bakin ruwa,
da kamfanin da ba a faɗar sunan masu shi da ƙarfi.
Alƙalai huɗu suka sa hannu kafin azahar.
Shi ya kwana yana rubutu,
shafi arba'in, da hannu,
ni na buga, tawada na kama mini yatsu.
Huɗu da ɗaya.
Aka sare mata lemuna.

Bayan shekara goma sha ɗaya
wata yarinyar lauya ta tono shafukan nan,
ta karanta su a tsaye, ta ci shari'a.
Hajja tana kushewa tuntuni.
Na kai masa labari ina murna,
ya ce, "Lemun fa?"

Yanzu ya koma Mai Wurno.
Ido ya yi hazo, kunne na nan.
Jiya yara biyu suka zo da kifi ɗaya,
ƙugiya ta wannan, kwalekwale na wancan.
Ya saurare su har inuwa ta juya,
ya yi tari,
ya ce, "Ku dawo gobe."

Na ce, ranka ya daɗe, ai magana a fili take.
Ya ce, "A Nyala ma a fili take."
Na ce kifin zai ruɓe kafin gobe.
Ya ce, "To a soya, a kira su mu ci.
Shari'ar dai sai gobe."

Jakar na gefensa a kan tabarma.
Har yau bai ce in ajiye ba,
ni na gaji na ajiye.